Daga Yumɓun Nok Zuwa Fentin Samaru: Yadda Ake Gane Gwanintar Zane

Duk wanda ya bibiyi tarihin zane-zanen zamani na Afirka zai ci karo da sunan Zariya, domin a nan ne a shekarar 1958 wasu ɗalibai suka kafa ƙungiyar da ta sauya alƙiblar fasahar zane a Nijeriya, kuma har yau Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru tana yaye masu zane da masu sassaƙa kowace shekara. Duk da haka, mutumin cikin birni da ya tashi yana ganin adon ƙofar fada, wanda tun daga nesa yake bambance rigar da aka yi wa aikin hannu da wadda aka buga da keke, idan aka kai shi wurin baje kolin zane aka tsayar da shi gaban wani faffaɗan ƙyalle da aka cika da launuka, abin da yakan fara tambaya shi ne, "Wannan kuma hoton mene ne?" In aka ce masa ba hoton komai ba ne, sai ya ɗauka ko dai mai zanen bai iya ba, ko kuma ana neman raina masa hankali. Tambayar tana da tushe. Ta fito ne daga wani ma'auni da makarantar boko da kalandar bango suka dasa mana, wato gwanin zane shi ne wanda ya fitar da mutum kamar ka kira shi ya amsa. Wannan ma'auni ɗaya ne daga cikin ma'aunai masu yawa, shekarunsa kaɗan ne idan aka gwada da tsawon tarihin ɗan Adam, kuma ba da shi maginan Zazzau da maɗinkanta da alarammominta suka yi aiki ba.

Mafi tsufan zanen da ya rage a duniya a jikin duwatsu yake. A kogon Lascaux na ƙasar Faransa, wanda wasu samari suka gano a 1940, akwai dawaki da bijimai da aka zana kimanin shekara 17,000 da suka wuce, da jar ƙasa da baƙin ma'adini. A Dabus, arewa da Agadas, an sassaƙa raƙuman dawa biyu a jikin dutse, babban cikinsu ya haura mita biyar. A Birnin Kudu ta Jihar Jigawa kuwa, a Dutsen Habude da Dutsen Mesa, akwai zanen shanu marasa tozo, irin da ba su ne Fulani suke kiwo a wannan yanki yanzu ba, don haka zanen ya adana mana labarin wani kiwo da ya shuɗe. Abin lura a duka wuraren nan shi ne mai zanen bai tsaya ƙirga gashin dabba ba. Ya zaɓi abin da ya mai da saniya saniya, wato lanƙwasar ƙaho da miƙewar gadon baya da nauyin ciki, ya bar sauran. Tun farkon al'amari ke nan zane zaɓi ne, kuma wanda yake son ya fahimci aiki sai ya tambayi kansa me aka ɗauka, me aka bari, kuma don me.

Babu inda wannan ya fi fitowa fili kamar a kayan Nok, waɗanda suke kusa da mu ƙwarai, tunda ƙauyen Nok yana ƙasar Jaba ne, a kudancin tsohon Lardin Zazzau. A 1928 masu haƙar kuza suka fara tono wani ƙaramin kai na gasasshen yumɓu a wurin. A 1943 aka kawo wa Bernard Fagg, wani jami'in Turawa mai ilmin tono kayan tarihi, wani kan da aka samo a yankin Jama'a, wanda wani ma'aikacin kuza ya kafa a gonar doyarsa don korar dabbobi, shi kuwa ya lura da kamannin da ke tsakanin kawunan biyu, ya gane cewa hannun al'umma ɗaya ce. Binciken da masana daga Jami'ar Frankfurt ta Jamus suka fara a 2005 tare da hukumar gidajen tarihi ta Nijeriya ya nuna cewa al'ummar ta kafu tun wajen shekara 1500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ta fara wannan gini na surori wajen shekara ta 900 kafin haihuwarsa, kuma tana cikin al'ummomin da suka fara narka tama a yammacin Afirka.

Wanda ya tsaya gaban kan Nok a gidan tarihi na Jos ko na Kaduna, idanu ne za su fara kama shi. Kusan kullum kusurwa uku gare su ko rabin da'ira, da gira mai lanƙwasa a sama, da huda mai zurfi a tsakiya. Babu ɗan Adam mai irin wannan ido, amma an maimaita shi ɗaruruwan shekaru a faɗin ƙasa mai nisa, abin da ke nuna ƙa'ida ce da ake koya wa almajirin sana'a, ba kuskuren mutum ɗaya ba. Hudar tana aiki biyu. Surorin ba cike suke ba, an ɗaga su ne da naɗin yumɓu hawa-hawa yadda mata suke gina tulu, don haka idan aka sa su a wuta iska da tururi suna bukatar mafita, in ba haka ba su fashe. Magini ya ɗauki wannan larura ta wuta ya ajiye ta a ido da hanci da baki da kunne, sai inuwar da ke cikin ramin ta zama kallo mai rai. A ganina wannan ita ce alamar gwani a kowane zamani, ya san iyakar abin da yake aiki da shi har ya mai da iyakar ta zama ado. Sannan ga kitso iri-iri, da duwatsun wuya da warwaro da aka fitar ɗaya bayan ɗaya, waɗanda suke shaida cewa mutanen nan sun damu da kwalliya da matsayi. Abin baƙin ciki shi ne yawancin kayan Nok da ke hannun masu tarawa a Turai da Amurka haƙo su aka yi a ɓoye, musamman daga shekarun 1990, aka fitar da su ba tare da an rubuta inda suke kwance ko abin da ke kusa da su ba, kuma da zarar an raba abu da mazauninsa an yanke rabin bayanin da zai iya bayarwa.

Kada a ɗauka cewa mutanen da ba su iya fitar da kamanni ba ne. A 1938 aka tono kawunan tagulla a wani gida kusa da fadar Ooni na Ife, waɗanda aka yi tsakanin ƙarni na 12 da na 15, fuskokinsu kamar na masu rai, har da laushin kumatu da tattarar wuya. Da kakin zuma aka yi su: a gina ciki da yumɓu, a shafe shi da kaki a sassaƙa fuskar a jikinsa, a sake lulluɓewa da yumɓu, a gasa kakin ya narke ya fita, a zuba narkakken ƙarfe a gurbinsa, sannan a fasa yumɓun, shi ya sa kowane kai ba shi da na biyu. Tun a 1910 wani Bajamushe mai suna Leo Frobenius da ya ga irin wannan aiki a Ife ya ƙi yarda cewa baƙar fata ne suka yi shi, ya jingina shi ga wata ɓatacciyar al'umma daga wajen Afirka, kuma bincike ya rushe wannan da'awa tuntuni. Amma waɗannan maƙera da suka iya fuska haka, idan suka zo yin cikakken mutum sai su ba kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu na tsayin jiki, alhali a halitta bai wuce ɗaya cikin bakwai ko takwas ba, saboda a tunanin Yarabawa kai ne mazaunin ƙaddarar mutum. Haka Misirawan da suka shafe kusan shekara 3,000 suna zana fuska a gicciye, ido da kafaɗu kuma suna fuskantar mai kallo, Fir'auna ya fi kowa girma a bango. Sun zana abin da suka sani game da mutum da matsayinsa, ba abin da ido yake gani daga wuri ɗaya ba.

Zanen da ke kwaikwayon gani daga wuri ɗaya ya kafu ne a Italiya a ƙarni na 15. Wajen 1420 wani magini a birnin Florence, Filippo Brunelleschi, ya nuna yadda za a sa shimfiɗaɗɗen bango ya yi zurfi ta hanyar lissafi, a 1435 kuma Leon Battista Alberti ya rubuta ƙa'idar. Duk wanda ya tsaya a kan layin dogo a Sabon Gari ya hangi inda ƙarafan biyu suke matsowa har su haɗe a nesa ya ga tushenta: layukan da ke tafiya daga mai kallo ana karkata su zuwa ɗigo ɗaya daidai tsayin idonsa, abu kuma yana ƙanƙancewa gwargwadon nisansa. Ilmin da ya share wa wannan hanya yana da tushe a wurin Musulmi, domin Ibnul Haisam, mutumin Basra da ya yi aiki a Alƙahira a ƙarni na 11, shi ya tabbatar da cewa haske ne yake tasowa daga abu ya shiga ido, kuma an fassara aikinsa zuwa Latin an karanta shi a Turai. Da wannan lissafi da fentin mai, wanda yake jinkirin bushewa har ya ba da damar narkar da haske cikin inuwa, Turawa suka yi wajen shekara ɗari huɗu suna gasar kamanni, kuma sun kai matuƙa a wannan fage, babu mai musun haka.

Sai aka bayyana na'urar ɗaukar hoto a Paris a 1839. Abin da mai zane yake kwashe watanni yana yi, akwati ya fara yin sa cikin ɗan lokaci, dole masu zane suka koma tambayar kansu me ya rage musu. Claude Monet da abokansa, da suka yi baje kolinsu na farko a 1874, suka bi haske da yadda yake sauya launin abu daga hantsi zuwa la'asar. Pablo Picasso ya ga sassaƙe-sassaƙen Afirka a wani gidan tarihi na Paris a 1907, ya ga an karya fuska an sake haɗa ta ba tare da ta rasa ƙarfi ba, sai ya bi wannan hanya. Henri Matisse ya je baje kolin fasahar Musulmi a Munich a 1910, daga baya ya zauna a Maroko, ya koyi shimfiɗa launi da maimaita ado. Wassily Kandinsky, ɗan Rasha, ya bar sura gaba ɗaya wajen 1911, yana ganin launi da layi suna iya taɓa zuciya kai tsaye kamar yadda sauti yake yi. Hujjarsa ba baƙuwa ba ce a wurinmu, domin babu wanda yake jin sarewar makiyayi da yamma ya tambaya hoton mene ne take busawa. Abin da ake kira zanen zamani a Turai, a taƙaice, dawowa ce zuwa ga abin da Afirka da duniyar Musulmi ba su taɓa bari ba.

A nan dole a taɓo maganar addini, domin ita ce take zuciyar mai karatu a Zariya ko da bai furta ba. Hadisai ingantattu sun yi gargaɗi mai tsanani game da sura abin da ke da rai, kuma an ruwaito cewa wani mai wannan sana'a ya zo wa Abdullahi ɗan Abbas, shi kuma Abdullahi ya ce masa in ba makawa sai ya yi, to ya zana itatuwa da abin da ba shi da rai. Malaman Malikiyya sun bambanta tsakanin sura mai inuwa da wadda take shimfiɗe a takarda ko tufa, kuma tafsilin hukuncin fagen malamai ne, a wurinsu ake neman sa. Abin da ya shafi tarihin fasaha shi ne hanin bai kashe son kyau ba, ya juya shi ne zuwa harafi da lissafi da ganye da reshe. Ibnu Muƙla, wazirin Bagadaza da ya rasu a shekara ta 940, ya tsara ma'aunin haruffa da ɗigon bakin alƙalami, ta yadda tsayin alifi yake da adadin ɗigo sananne, sauran haruffa kuma ake auna su da da'irar da alifin ya raba biyu. Daga irin wannan horo aka samu bangayen fadar Alhamra a Andalus, inda layi ɗaya yake shiga yana fita har ido ya kasa gano farkonsa.

Reshen wannan gado yana cikin kowace unguwa ta birnin Zariya. Allon zayyana da ake yi wa mai saukar Alƙur'ani, da Fatiha da farkon Baƙara a tsakiya da gidaje masu kusurwa kewaye da su, zane ne cikakke wanda ba ya kwaikwayon komai. Mus'hafin hannu da ke cikin gafaka yana da baƙar tawada ta gawayi da ƙaro ga haruffa, ja ga wasali, ruwan ɗorawa ga hamza, da alamomin hizbi da rubu'i da sumuni da sujada waɗanda kowane alaramma yake ƙawata su da salonsa. Launi a nan yana aiki, yana shiryar da mai karatu, kuma yana faranta ido a lokaci guda.

Babbar riga ta fi wannan ma koyar da kallo. Aska takwas ba a tsakiyar ƙirji take ba. Nauyin aikin yana gefen hagu a kan aljihu, askakin suna zubowa ƙasa da tsininsu, sai a ajiye tambari a dama shi kaɗai, a sake maimaita shi a baya, a bar fili mai yawa babu komai. Wanda ya zana wannan tsari ya san cewa ƙaramin abu mai da'ira yana iya riƙe babban abu mai tsini idan aka ajiye shi inda ya dace, ya kuma san cewa in aka cike ko'ina ido ba zai sami wurin hutawa ba. Aikin ma a rabe yake, akwai malamin da yake zana fasalin da alƙalami a jikin yadi, akwai masu bi da allura da zaren tsamiya ko na auduga watanni, kuma a 'yan shekarun baya matan cikin birni sun shiga wannan sana'a sosai. Dattijon da ya zo sayen riga yakan ɗaga ta ya ja da baya, ya matso ya duba cikar ɗinkin, ya juya cikinta ya ga yadda aka ɓoye bakin zare, sannan ya ce aikin ya zauna ko bai zauna ba. Bai taɓa tambaya ko askar ta yi kama da ta wanzami ba. Duk abin da ake koya wa ɗalibin zane game da daidaito da nauyi da fili, wannan dattijo yana aiki da shi, sunayen ne kawai ba su zo ɗaya ba.

Ƙololuwar wannan fasaha a ƙasar Zazzau ita ce tsohon Masallacin Juma'a, wanda Babban Gwani Malam Mika'ilu ya gina a zamanin Sarki Abdulkarimu, da ya yi mulki daga 1834 zuwa 1846. Azara, wadda ake tsagawa daga giginya saboda gara ba ta cin ta, ba ta iya ɗaukar nauyin rufin ƙasa idan tazara ta yi faɗi. Maganin da maginan Hausa suka samo shi ne jera gajerun azara hawa-hawa cikin laka, kowace ta ɗan zarce ta ƙasanta, daga bango biyu har su haɗu a sama su zama bakan gizo, a kan bakunan kuma a ɗora tulluwa. Babban Gwani ya ɗauki wannan dabara ya kai ta inda ba a taɓa kai ta ba, ya sa bakuna suna tasowa daga ginshiƙai suna rarrabuwa suna gittawa, ya yi wa ginshiƙan zane mai zurfi wanda hasken da ke shigowa yake fitar da shi. Masana gine-gine daga ƙasashe da dama sun zo sun auna shi sun rubuta a kansa, an kuma gina kwatankwacinsa a gidan adana gine-ginen gargajiya na Jos. A shekarun 1970 aka lulluɓe shi da sabon ginin siminti, sannan ranar Juma'a 11 ga Agusta 2023 wani sashe ya rufta ana sallar La'asar, aka yi asarar rayuka, Allah ya jiƙansu da rahama. Bayan rayukan, waɗanda babu abin da ya kai su, an kuma rasa wani yanki na aikin da ba a da mai maimaita shi.

Adon bangon gidaje ma bai tsaya wuri ɗaya ba. A ƙarni na 20 maginan Zariya sun sa keke da agogo da mota da jirgin sama a fuskar zaure, kusa da dagi da takobi, suka shafe da makuba ko laso, daga baya da siminti da fenti. Sun ga sabon abu, sun shigar da shi cikin tsarinsu ba tare da tsarin ya rushe ba.

Wannan shi ne ainihin abin da ɗaliban 1958 suka nema, ko da yake ta wata ƙofa suka shigo. An dawo da sashen koyar da zane na Kwalejin Fasaha da Kimiyya da Ƙere-ƙere ta Nijeriya daga Ibadan zuwa Zariya a 1955, kwalejin da ta zama tushen Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Yawancin malaman Turawan Ingila ne, manhajar kuma ta makarantun Landan ce, ko da yake akwai 'yar ƙasa a cikinsu, Clara Etso Ugbodaga-Ngu. Uche Okeke, wanda ya yi ƙuruciyarsa a Kafanchan, da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo da Simon Okeke da wasu abokansu suka ga ƙasa tana shirin karɓar mulkin kai, amma ana koya musu kallon duniya da idon wasu. Ba su ce a watsar da ilmin Turawa ba, domin sun ƙware a kansa. Matsayarsu, wadda Uche Okeke ya rubuta a 1960, ita ce mai zane ya riƙe dabarar da ya koya a aji, ya koma gida ya binciki gadon mutanensa, ya bar biyun su gauraya ba tare da tilas ba. Uche Okeke ya koma ga uli, zanen da matan Ibo suke yi a jiki da bango, ya koyi sirrin layinsa daga mahaifiyarsa. Onobrakpeya ya ɗauki tatsuniyoyin Urhobo ya zama gwanin zanen da ake bugawa daga sassaƙaƙƙen faranti. Grillo ya miƙar da jikin matan Legas cikin shuɗi mai tuna rinin adire. Nwoko ya karkata ga gini, har aka ba shi lambar girmamawa ta aikin rayuwa a bikin gine-gine na Venice a 2023. Ƙungiyar ta watse a 1961, shekara uku kacal ta yi, amma mambobinta sun bazu sun koyar a Nsukka da Yaba da Ibadan, daga baya aka riƙa kiran su 'yan tawayen Zariya.

Akwai abin da ya kamata a faɗa da gaskiya a nan. Akasarin waɗannan matasa daga kudu suka fito, kowa kuma kukan gidansu ya yi, wanda daidai ne. Jimo Akolo, ɗan Egbe da ya yi zamani da su kuma ya daɗe yana koyarwa a Samaru, shi ne ya fi duban mahaya da makaɗa da adon ginin Hausa. Amma gadon da ke bayan ganuwa, zayyana da aska da bakan gizo, bai sami 'ya'yansa da yawa da suka ɗauke shi zuwa zanen zamani ba, saboda iyaye da dama sun ɗauki sashen zane a matsayin wurin sassaƙa gumaka kawai. Abin da zai iya fitowa da an yi haka ana ganin sa a Sudan, inda Ibrahim El-Salahi, ɗan malamin makarantar allo a Omdurman, ya dawo daga karatu a Landan ya tarar mutanensa ba su damu da zanensa ba, sai ya koma ga harafin Larabci da adon allo ya gina sabon salo a kansu, har gidan zane na Tate da ke Landan ya shirya baje kolin aikin rayuwarsa a 2013. A kusa da mu kuma akwai Ladi Kwali, wadda ta shiga cibiyar ginin tukwane ta Abuja, Suleja ta yanzu, a 1954, ta riƙe fasalin tulun Gwari da zanen kada da ƙadangare da kifi, ta haɗa da gashin wuta na zamani mai sa tukunya ƙyalli. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, kuma hotonta ne a bayan takardar naira ashirin.

Waɗanda suka biyo baya a Samaru sun ƙara nisa. Gani Odutokun, wanda aka haifa a Gana a 1946 ya kuma koyar a jami'ar har rasuwarsa a haɗarin mota a 1995, yakan tsinka fenti ya zuba shi a ƙyalle ya bar shi ya gangara, sannan ya bi abin da ya fito ya sarrafa shi, kuma da wannan hanya ya yi magana a kan masu mulki a zamanin soja. Jerry Buhari, ɗan ƙasar Kachia, ya daɗe yana zane a kan lalacewar muhalli da malalar mai, da ƙananan alamomi da sai an matso ake ganin su. Irin wannan aiki ba a gane shi a tsaye ɗaya. Sai an ja da baya a ga inda nauyi yake da inda ido ya fara sauka da hanyar da ya bi, a matso a ga kaurin fentin da sawun burushi, ko an shafa shi a hankali ko an watsa shi da ƙarfi, a duba wane launi ne ya yi rinjaye da wanda aka sa kaɗan don ya tayar da sauran, sannan a karanta shekarar da aka yi shi a tuna halin da ƙasa take ciki a lokacin. Bayan wannan mai kallo yana da cikakken haƙƙin ya ce bai yi masa ba. Ba kowane zanen zamani ne mai kyau ba, akwai na ƙwarai akwai na ha'inci, kamar yadda yake a kowace sana'a, kuma mai zanen da ya fake da cewa mutane ba su waye ba don ya ɓoye raunin hannunsa yana cutar da fagen ne. Sharaɗin kawai shi ne hukunci ya zo bayan kallo.

Kuɗi kuma ba shi ne alƙali ba, ko da yake shi ya fi jan hankalin jaridu. A 2018 an sayar da zanen Tutu na Ben Enwonwu, mai zane ɗan Nijeriya, a wani gwanjo a Landan a kan fam miliyan 1.2, labarin ya zaga duniya. Farashi irin wannan yana bin suna da ƙarancin abu da gasar masu tarawa, kuma yakan zo ne ga aikin da aka san mai shi da shekararsa da hannayen da ya bi. A nan ne gadonmu yake da rauni. Fuskar zaure da wani gwani ya kwashe makonni yana yi wa ado ana farfashe ta a yini ɗaya idan za a sa shago, ko a shafe ta da siminti, ba a ɗauki hotonta ba, ba a rubuta sunan magininta ba. Rigunan kakanni suna fita ta hannun dillalai su ƙare a gidajen tarihi na waje da takardar da ta ce "Hausa, arewacin Nijeriya" kawai, babu sunan wanda ya zana, babu na wanda ya ɗinka. Gyaran wannan bai fi ƙarfinmu ba, tunda kusan kowane gida akwai waya mai ɗaukar hoto, ɗaliban zane da na gine-gine kuma suna neman abin bincike kowace shekara. Abin da ake bukata shi ne a bi unguwa-unguwa, daga Ƙofar Doka zuwa Ƙofar Gayan da Kwarbai da Unguwar Babban Gwani, a ɗauki kowane bango mai ado da kowane allon zayyana da aka yarda a nuna, a rubuta sunan maigidan da ya sa aka yi, da gwanin da ya yi, da zamanin sarkin da aka yi a cikinsa. Dattawan da za su iya ba da waɗannan sunaye suna zaune a zaurukan nan, kuma da su ya kamata a fara.